Bangon da Kawu Ya Kankare

Na Allah muke, wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu. Allah Ya jiƙansa.

A zaman makokinsa sai da liman ya tsawatar sau biyu. Ba kuka ya hana ba, dariya ya hana. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a, a shafa, ya ce ya haƙuri, sannan ya koma gefen tabarma ya ce, "Kun tuna ranar da ya..." Shi ke nan wuri ya ɓarke. Tsofaffin majema na Challawa sun zo da nasu labarin. Abokan aikina na kamfanin roba a Sharada, waɗanda ba su gan shi ya fi sau biyu ba, su ma da nasu. Wani mutumin Nijar ya yi kwana biyu a hanya, ya zo ya zauna shiru yana goge ido da gefen rawani. Can ya ce, "Mutumin nan ya taɓa bi na da tsintsiya har bakin titi don na ce na ƙoshi ban ci tuwonsa ba." Aka sake fashewa. Liman ya ɗaga hannu zai yi ta uku, sai Inna, wato mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta aiko daga cikin gida cewa a bar mutane. Ta ce da yana nan shi zai fi kowa ƙarar murya.

Maƙwabcinsa, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da suka yi aiki tare a majema tun suna samari, shi bai yi dariya ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "To ni yanzu wa zan zaga da safe?"

Ni ba gwanin rubutu ba ne, kuma na gaji, aiki na taso. Amma na ga yadda ake yi. Bayan shekara biyu za a riƙa cewa Allah Ya jiƙan tsohon nan mai ban dariya, shi ke nan an gama da shi. Mu mutanen kwari bai kamata mu bari a tsaya nan ba. Shi ya sa na zauna.

Daga wani ƙauye a Jigawa ya zo Kano, ya shiga kamfanin jima a Challawa, bai fita ba sai da bayansa ya ƙi. Warin fata bai taɓa barinsa ba, ko da ya yi shekaru da ajiye aiki. Kullum da lemun tsami a aljihu yana murza hannu, yana cewa ya tafi, mu kuwa muna cewa e, ya tafi. Komai da babban yatsa yake gwada shi: yadi, burodi, tayar keke, kuncin jariri. Zai danna ya ɗan yi shiru, sannan ya yanke hukunci. Ko ya ce "ya jimu," ko ya ce "ɗanye ne." Mutane ma haka ya raba su. Rago, maƙaryaci da mai yawan ƙorafi duk ɗanyar fata ne. Ni na yi shekara arba'in da wani abu a duniya ban fita daga ɗanyar fata ba.

Abin da ya fi so a duniya zaurensa ne. Da hannunsa ya gina shi, babba, ya ci tabarma shida. Duk wanda ya sauko daga ƙauye neman aikin kamfani, ko ya san Kawu ko bai san shi ba, direban mota zai ce masa ya tambayi zauren majemi. Nan zai kwana har ya sami aiki da ɗaki. Ni ma shekara biyu na yi a ciki. Dokar zauren biyu ce. Ba a cin abinci a ɓoye. Kuma ba a kukan babu a gaban baƙo. Yakan ce, "Baƙo ba ya ganin tsumman gida."

Wannan doka ta biyu ita ta kusa kashe mu.

Unguwarmu tana bayan kamfanoni ne, a hanyar Challawa. Ƙasar gangare ce. Gidan Kawu yana sama, a wuyan gangaren. Mu muna ƙasa, inda ake kira kwari, gidaje kamar goma sha biyar har da nawa. Duk damina ruwan da ya taru daga manyan lambatun wajen kamfanoni gidajenmu yake nufa. Kuma ba ruwan Allah zalla ba. Wani lokaci ya zo shuɗi-shuɗi, wani lokaci ja, wani lokaci baƙi mai wari. Gadona a kan bulo huɗu yake da farko, daga baya ya koma takwas, har maiɗakina sai ta taka kujera take hawa. Da na ga hadari ya haɗu ina wurin aiki, sai in roƙi shugaban sashenmu ya sake ni, in ruga gida in ɗaga buhun masara da katifa da littattafan yara. Wata shekara masai ya cika ya haɗe da ruwan tsakar gida, autarmu ta kamu da amai da gudawa, muka yi mako guda a asibiti ana ƙara mata ruwa. Da ƙyar ta tashi. Tun daga nan ba ni da buri sai ɗaya, in ga damina ta wuce ruwa bai shiga ɗakin 'ya'yana ba.

Ana nan bayan an gama wata damina, mai unguwa ya tara mu ya ce gwamnati za ta turo ma'aikata unguwannin talakawa da ambaliya ke damu. Ya ce ba kuɗi za su raba ba. Za su duba, su auna ƙasa, su zana taswira, su nuna wa mutane inda za a haƙa da yadda za a shirya wa ruwa. Amma sai sun zagaya sun ga waɗanda suka fi bukata tukuna.

Wani ya ce, "Taswira ana miya da ita?"

Kawu ya ce, "Rufe mana baki, ɗanyar fata. Manyan baƙi za mu yi."

Daga nan ya karɓe ragama. Ya sa aka sayo farar ƙasa, duk bangon da ke kallon hanya aka shafe shi. Aka kwashe ledar da ta toshe kwatoci, aka share, aka yayyafa ruwa, aka aro kujerun roba. Ni da kaina na shafe bangona, na rufe shatar ruwa da ta kai min ƙugu, har ina ja da baya ina duba ko ya yi kyau. Kada wani ya ce Kawu kaɗai ne wawa a wannan rana. Dukanmu ne. Kuma ya yi mana kashedi: "Duk wanda ya buɗe baki ya yi mana bara a gaban baƙi, ni da shi."

Maza uku suka zo da takardu. Aka sauke su a zaure, aka kawo fura mai sanyi. Babbansu ya gyara zama ya ce, "Baba, yaya damina a nan wajenku?"

"Alhamdu lillahi. Sai godiya."

"Ruwa ba ya damun ku?"

"Ai ruwa rahama ne, ɗana."

"Ina nufin, ba ya shiga gidaje?"

Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Yakan leƙo ya gaishe mu ya wuce."

Muka yi dariya, su ma suka yi, suka rubuta. Suka zaga unguwa suka ga bango fari fat kamar ana jibi Salla. Maza ne, ba su shiga gida ko ɗaya ba, balle su ga gado a kan bulo. Aka raka su har mota. Kawu ya dawo yana murza lemun tsami ya ce, "Kun gani? Mun fita kunya."

Bayan wata biyu sai muka hango mutanen nan a unguwar da ke gaba da mu, da na'urar awo mai ƙafa uku, suna kafa turaku. Mai unguwa ya je ofishinsu ya tambaya yaushe za a zo kanmu. Aka buɗe takarda aka karanta masa cewa unguwarmu tsaf take, kuma dattawanta da bakinsu sun ce ba matsala. Ba ma cikin jerin.

Da aka kawo labarin zaure, Kawu ya yi tsalle ya dire. "To su ba su san gaisuwa ba ne? Wa ya taɓa amsa gaisuwa da cewa ba lafiya? Ko a gadon asibiti ai da sauƙi ake cewa!"

Maƙwabcinsa ya ce, "Kai ka yi wa gyambo kwalliya, yanzu kuma kana jin haushin likita."

"Kai wa ya sa da kai?"

"Ni ma ka sa na shafa. Har a rigar zuwa cocina ta zuba."

Amma wadda ta kayar da shi Inna ce. Ta zo da yamma, ta zauna a bakin ƙofar matarsa, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, kun rufa mana asiri har kun rufe mu da rai. Jikarku da ta kwanta asibiti, ita ma leƙowa aka yi aka gaishe ta?"

Ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari da hantsi maiɗakina ta ce in fito in ga abin mamaki. Na fito na tarar da Kawu durƙushe a gindin bangona da tsohuwar wuƙarsa ta aiki, mai ƙota biyu, irin wadda ake kankare gashi daga jikin fata. Yana jan ta a hankali, farar ƙasa tana zuba kamar gari.

Na ce, "Kawu, lafiya? Jiya kun sa mu shafa, yau kuma kuna kankarewa?"

"Ni na sa aka shafa, ni zan cire. Matsa, kana tare min haske."

Na ɗauko cokalin magina zan taya shi, ya buge min hannu. Ya ce idan na danna da ƙarfi zan tafi da shatar har da siminti, idan na yi sako-sako kuma farar za ta zauna. "Wuƙa a kwance, hannu a sake. Shekara talatin ina yi ban taɓa huda fatar mutane ba." Kafin azahar maƙwabcinsa ya fito da tasa wuƙar. Zuwa jibi tsofaffin majema biyar ne a layinmu, kowa da bango a gabansa, suna aiki suna zagin juna kamar suna kamfani. Mata suna leƙe ta saman katanga suna dariya har da riƙe ciki.

Sai ga shatar tana fitowa, layi bisa layi. Tsofaffin nan suka tsaya suna karanta ta kamar allo. Wannan ja ɗin na shekarar da aka yi bikin ɗan maƙwabci ne. Wannan baƙin na shekarar da katangar masallaci ta faɗi. Shuɗin nan na can sama kuwa, wanda ya fi kowanne tsawo, na shekarar autata ne. Kawu ya sa babban yatsa a kansa ya daɗe bai ɗauke ba.

Na ce in ɗauki hoto da waya mu kai ofis. Ya ce hoto kowa ma yana iya yi. Ya sa kurfi da guduma ya ɓamɓaro wani yanki na shafen bangona, faɗin faranti, mai layi biyu a jiki. Ramin yana nan har yau, ban toshe ba. Ya naɗe shi a hiraminsa, muka hau a-daidaita-sahu, ya rungume shi kamar jariri, duk ramin da aka faɗa sai ya zagi direba.

Muka zauna a benci har aka yi azahar. Da aka shigar da mu, sai ga shugabar aikin mace ce, injiniya, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Na ga Kawu ya ɗan ja baya. Ƙarya a gaban maza daban, warware ta a gaban 'yar cikinka daban. Amma ya zauna.

"Hajiya, ni ne na yi ƙarya."

"Subhanallah. Wace ƙarya, Baba?"

Ya kwance hirami ya ɗora mata guntun bango a kan tebur, yashi ya zubo a takardunta. Ya ba ta labari tun daga farar ƙasa har fura. Tana ƙoƙarin daurewa, da ya zo kan "yakan leƙo ya gaishe mu" sai ta cire tabarau ta kifa kai a tebur tana dariya.

Da ta natsu ta ce, "Baba, mu ma da namu. Tambayar gaisuwa muka yi, aka ba mu amsar gaisuwa. Zan zo da kaina. Amma don Allah kada a share ko'ina."

Ya ce, "Ko tsintsiya na gani a hannun wani sai na karya ta."

Ta zo. Ba ta zauna a zaure ba, ta gaisa ta wuce cikin gidaje. Awa uku tana wurin mata. Ta ga gadona, ta ga masai, ta ga inda ake rataye tukwane a jikin rufi. Da ta fito littafinta ya cika. Kawu ya ce, "Me suka gaya miki?"

Ta ce, "Duk abin da kuka hana."

Ta tara mu ta yi bayani da Hausar da kowa zai gane. Ta ce yanayi ya sauya, ruwan da a da yake sauka a hankali cikin makonni yanzu a yini ɗaya yake zubowa, kuma ba a sa ran zai koma yadda yake. Kawu ya ce wannan ko makaho ya gani. Ta nuna mana yadda za a ɗaga bakin masai, da inda za a kai yara da tsofaffi idan ruwa ya taso, da yadda za a riƙa sanarwa a lasifikar masallaci. Amma babbar magana, wato hanyar ruwan, ta ce ba za ta zana ba sai ta gan shi yana tafiya da idonta. Ta bar min lambar waya.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da rana tsaka, na kira ta. Ta zo da takalmin roba har gwiwa. Kawu ya kifa buhu a ka ya shige gaba, wai shi ne ɗan jagora. Muka faro daga bakin babban lambatu, muna bin ruwan, mutane sun fi ashirin a bayanmu. Ruwan ya miƙe sak, bai karkata ko'ina ba, har ya zo ya daki bangon zauren Kawu. Nan ya yi tsalle, ya juya hagu, ya gangara layinmu.

Kowa ya gani. Injiniya ta zaga bayan gidan, ta ga wani tsohon kwazazzabo da ya gangara wajen kogi, busasshe, ruwa bai ko kusance shi ba. Ta dawo ta ce, "Baba, yaushe aka gina wannan zauren?"

"Kafin a haife ki."

"Kafin nan me ke wurin?"

Ruwa yana ɗiga daga buhun kansa. Ya ce, "Rami ne. Ni na cike shi. Rani biyu ina turo baro."

Bayan kwana kaɗan ta kawo taswira da hanya biyu. Ta farko ta bi ta cikin zauren, gajera ce, mu da kanmu za mu iya haƙawa da aikin gayya. Ta biyu ta zaga can nesa, sai da kwalbati da manyan injuna, kuma ta faɗa mana gaskiya ba ta san shekarar da za a samu ba. Ta ce zaɓi namu ne, ita awo ne nata.

Kawu ya ce a zaga. Mai unguwa ya ce duk yadda Baba ya ce. Liman ya dubi ƙasa. Mutanen kwari, waɗanda rabinsu a zauren nan suka fara kwana a Kano, suka yi tsit.

Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na ce, "Kawu, shekara nawa muna kwana a kan bulo saboda zaurenku? Kuna tudu kuna rabon tuwo, mu muna ƙasa muna kwashe kashi da bokiti."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Zauren da ka kwana shekara biyu. Ka ci, ka sha. A cikinsa aka ɗaura maka aure."

Na ce, "Na kwana, na gode. Yanzu 'ya'yana nake so su kwana."

Ya ce kada in ƙara taka masa ƙofa. Inna ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce gaskiya na faɗa, amma ko gaskiya ana yi mata sallama kafin a shigo da ita.

Duk daminar nan bai yi min magana ba. In gaishe shi a hanyar masallaci sai ya ƙara muryar rediyo. Idan yana da saƙo sai ya ba maƙwabcinsa ina tsaye a wurin: "Ka gaya wa ɗanyar fatar nan tayar babur ɗinsa ba iska." Maƙwabcin ya juyo ya ce, "Ka ji." Amma duk ranar da ruwa ya shiga kwari, kafin ya janye matarsa ta iso gidana da kwanon tuwo, ta kwashe yarana da na maƙwabta ta kai zaure. Ni ne kawai ba a gayyata.

Damina ta wuce. Wata safiya bayan an fito masallaci na ji ƙarar guduma daga sama. Na hau na tarar da Kawu, da bayan nan nasa, ya cire ƙyauren zaure ya jingine, yana fama da tagar. An fitar da tabarmi an naɗe. Na tsaya kamar gunki.

Bai juyo ba ya ce, "Kallo ka zo ko aiki?"

Sulhunmu ke nan. Bai ƙara ba, ban ƙara ba. Na karɓi gudumar.

Daga baya matarsa ta gaya min abin da ya juya shi. A ruwan ƙarshe ya tsaya a bakin zaure yana kallon yaran kwari a jere a tabarma, wata tana tari, wani ba wando. Ya shigo ya ce mata, "Ashe ni nake koro su, ni nake saukar su, ana ta sa min albarka." Ta ce daga ranar bai ƙara cin abinci a zauren ba.

Aikin ya ci rani guda. Injiniya ta kafa turaku ta ja zare, ma'aikacinta yana leƙa na'ura yana cewa a ƙara, a rage. Waɗanda suka taɓa kwana a zauren suka riƙa zuwa ranar hutunsu, daga Sharada, daga Bompai. Wani direban tifa na Dakata ya zubo mana yashi ya ce tukwicin tuwo ne. Bulon zauren da shi aka gina gefen lambatun. Kawu ya sa aka kafa masa rumfar kwano a gefe, ya zauna a kujera ya zama shugaban aikin da ba wanda ya naɗa. Duk kwaɓin siminti sai an kawo masa ya danna. Tuwo kuma bai fasa fitowa ba, sai dai yanzu a rumfa ake ci.

Sun yi rigima da Injiniya a kan zurfi. Ya ce a ƙara kamu biyu, shi ya san ruwan nan tun tana zanen goyo. Ta ce idan aka ƙara a nan ruwan zai kwanta ya zama gidan sauro, gangara ake nema, ba rijiya ba. Ya ce ta kawo shaida. Ta sa aka kawo jarka biyu aka zuba a sama, muka bi ruwan da ido yana tafiya har ya faɗa kwazazzabo. Kawu ya yi gyaran murya ya ce da maƙwabcinsa, yadda za ta ji, "Yarinyar nan ta jimu." Ta tambaye ni me ake nufi. Na ce ta riƙe da kyau, ni ban taɓa samu ba.

An gama aiki bazara ta kama. Sai jikinsa ya ƙi. Ba wata doguwar jinya, kwana tara ne. Duk wanda ya shiga duba shi tambaya ɗaya Kawu yake yi masa, ko hadari ya fara haɗuwa. Ranar da na gan shi na ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Idan ramin nan bai yi aiki ba, ka gaya wa Hajiya Injiniya ta zo ta mayar min da zaurena da hannunta." Na ce zan faɗa. Ya ce, "Na sani. Kai ai ba ka iya shiru ba."

Bai ga ruwan ba. Aka yi ta yayyafi nan da can, ba wanda ya isa gwaji.

Ranar addu'ar arba'in, muna zaune da hantsi a rumfarsa, gabas ta yi baƙi. Liman bai kai ga shafawa ba aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na gangara da gudu kamar yadda na saba, ina lissafin abin da zan fara ɗagawa. Na banka ƙofa.

Maiɗakina tana zaune a bakin ɗaki tana tsince shinkafa. Autar tana kwance a ƙasa, a kan tabarma, tana aikin makaranta. Ruwan indararo ne kawai yake zuba a baho.

Ta ɗago ta ce, "Malam, wa ya biyo ka?"

Na tsaya da takalmi a hannu, ban san me zan ɗaga ba.

Ba zan yi irin ta Kawu ba, ba zan ce komai lafiya lau ba. Gidaje biyu na can ƙarshen kwari ruwa ya shiga musu tsakar gida, kuma ledar da mutane ke zubarwa za ta toshe lambatun nan idan ba mu tsaya a kai ba. Na kira Injiniya na faɗa mata haka, ba gaisuwa a ciki. Amma ɗakin 'ya'yana a bushe yake.

Na koma sama ina jiƙe sharkaf. Mutanen addu'a duk sun bar tabarma sun jeru a bakin lambatu. Ruwa ja yana ta gudu ta daidai inda muke shimfiɗa a da, yana faɗawa kwazazzabo da ƙara. Maƙwabcin Kawu yana gaba da laima a karye, yana nuna ruwan yana faɗa da wanda ba ya nan: "Ka gani, mai taurin kai? Ka gani? Da tun muna da haƙora ka yi!" Yana faɗa yana kuka, mu muna dariya, liman ya haƙura ya sa baki.

Allah Ya yafe wa Kawu abin da ya shafe da abin da ya kankare. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya ba matarsa da Inna da maƙwabcinsa haƙuri. Ya ba shi gida a Aljanna da zaure mai faɗi, a kan tudu, inda ba ya tare wa kowa hanya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.